Kuɗin Raya Karkara a Agye, Gazawa da Gidan Rumji: Wa Ke Riƙe da Makullin Akwati?

Duk matafiyin da ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, ya ratsa Tsibiri da Caduwa da Agye, zai ƙirga allunan ƙarfe har ya gaji. Kowane allo da sunan shirinsa, da tambarin mai ba da kuɗi, da yawan watannin da aka yanka wa ɗan kwangila. Wasu sun yi tsatsa har ba su karantuwa, wasu ko fentinsu bai bushe ba. Abin da allunan ba su faɗa shi ne sunan wanda zai zo bayan an watse daga bikin buɗewa ya duba ko an cika alkawari, da kuma ƙofar da talaka zai ƙwanƙwasa idan ba a cika ba.

Wannan tambaya ta cancanci a yi ta da babbar murya, domin kusan shekara 50 ke nan ana zuba dukiya a wannan yanki da sunan raya karkara. Tun tsakiyar shekarun 1970 Bankin Duniya ya ɗauki nauyin babban shirin raya karkara na Maraɗi. Asusun bunƙasa noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FIDA, mai cibiya a birnin Rum, ya shigo Nijar a 1980, sa'an nan ya mayar da Agye tamkar gonarsa ta gwaji. An yi shirin PDRAA a shekarun 1990, aka bi shi da PPILDA daga 2005, sai PASADEM a 2012 wanda ya faɗaɗa zuwa sauran gundumomin jihar, sai kuma ProDAF a 2015, wanda ya haɗa Maraɗi da Tawa da Damagaram a kan kasafin da ya haura miliyan 200 na dalar Amurka. A lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Caduwa mai tamma biyar ba. Wani kaso na wannan kuɗi kyauta ne, wani kaso kuwa bashi ne da aka ci da sunan ƙasa. An ce bashi mai sauƙi ne, ana biyansa cikin shekara 40, tare da sassaucin shekara 10 na farko. To, komai sauƙinsa dai sunansa bashi, kuma jaririn da aka raɗa wa suna a Gangara ranar da minista ya sa hannu zai yi furfurar farko ana cikin biya daga harajinsa. Wanda zai biya kuwa yana da haƙƙin ganin lissafi.

Ɗan kasuwar Maraɗi ba ya bukatar wani masani ya koya masa wannan. Alhajin da ya ba yaronsa jari ya tura shi Jibiya ko Kano bai taɓa wadatuwa da rantsuwar yaron ba, ko da kuwa ɗan cikinsa ne. Akwai ranar lissafi. Za a zauna a zaure, a fito da uwar kuɗi, a ware riba, a ji dalilin asara, kuma wanda ya kasa bayani ba ya sake ganin jari. A cikin wannan tsari akwai mutum uku: mai dukiya, da mai juya ta, da ido mai dubawa wanda ba ya cin abinci a hannun mai juyawa. Duk abin da manyan ƙasashe suka rubuta a kan riƙon amanar jari, idan aka tace shi, bai wuce wannan zaman zaure ba.

Sun kuwa rubuta da yawa. A 2006, zamanin Kofi Annan, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar da ƙa'idoji 6 na zuba jari bisa sanin ya kamata, inda masu juya kuɗin fansho da na inshora suka yi alkawarin duba lafiyar muhalli da haƙƙin jama'a da kyawun shugabanci kafin su saka kuɗi a kowane kamfani. Dubban kamfanoni suka sa hannu, abin ya zama ado. A 2020, bayan shekara 14, da aka tashi sallamar waɗanda suka kasa cika ko da mafi ƙanƙantar sharaɗi, guda 5 kacal aka sallama. A Ingila kuwa, bayan rugujewar bankuna ta 2008, hukumar da ke sa ido kan lissafin kamfanoni ta fitar da kundin riƙon amana a 2010, wanda ya zama abin koyi ga ƙasashe irin su Japan. Tsarinsa shi ne ka bi, ko ka faɗi dalilin rashin bi. Manajoji suka ƙware wajen rubuta dalilai masu daɗin ji. A ƙarshen 2018 wani binciken da gwamnatin Ingila ta sa aka yi ya ba da shawarar cewa muddin kundin zai ci gaba da haifar da rahotannin cika takarda, gara a yi tunanin soke shi. Daga nan aka sake shi a 2020, aka ce kowa ya nuna abin da ya aikata a cikin shekara da sakamakon da ya biyo baya. Da aka tace masu nema a 2021, cikin 189 guda 125 ne suka haye, sauran aka mayar da su gida. Ranar da aka fara cewa «a'a», ranar ce kundin ya fara samun daraja.

Wanda ya fi kusa da manomin Gazawa shi ne abin da kwamitin kula da wadatar abinci na duniya ya amince da shi a Rum cikin Oktoban 2014, wato ƙa'idoji 10 na zuba jari na gaskiya a harkar noma da abinci, bayan jagororin mallakar ƙasa da daji na 2012. An ambaci haƙƙin mata da matasa, da mutunta mallakar gona, da hanyar kai ƙara, da bayar da lissafi. Magana ce mai kyau ƙwarai. Sai dai an rubuta a cikinta cewa bi na ganin dama ne, ba a kama kowa, ba a ci tarar kowa ba.

Ƴan Nijar ba sai sun je Landan ba kafin su san abin da ke faruwa idan mai juya kuɗi shi ne mai duba kansa. Ma'aikacin gwamnatin da ya manyanta yana tune da bankin BDRN, wanda aka kafa a farkon ƴancin kai domin ya raya ƙasa, ya kuma durƙushe a 1990 a ƙarƙashin basussukan da manya suka ci ba su biya ba. Yana tune da asusun bashin manoma na CNCA da ya riga shi faɗuwa, da asusun ajiya na gidan waya inda ƙananan ma'aikata suka yi shekaru suna bin guminsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya rasa dokoki ko majalisar gudanarwa ko rahoton shekara. Abin da suka rasa shi ne mai iya hana babban mutum bashi ba tare da ya rasa kujerarsa ba. Taron Ƙasa na 1991 ya tono abubuwa da dama, ya kafa kwamitin binciken laifuka da cin amana, jama'a suka kasa kunne a rediyo suna jinjina kai, amma kuɗin da ya tafi ya tafi. Sai da gini ya rushe ƙasashen kuɗin sefa suka kafa hukumar sa ido kan bankuna a Abijan, a shekarar 1990 ɗin nan.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa shirye-shiryen Agye ba su cikin wannan sahu. An ga aikinsu da ido. Bayan yunwar 2005, wadda ta fi tsanani a ƙauyukan Maraɗi alhali hatsi na jibge a kasuwanni, an kafa rumbunan tsimi a hannun mata domin magidanci ya sami abin ci lokacin damina ba tare da ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago ba. An yaɗa iri mai saurin nuna, an gyara hanyoyin karkara, an gina kasuwannin hatsi. FIDA kuma yana da nasa matakan tsaro: tun 2015 yana da ƙa'idojin auna tasirin kowane shiri a kan jama'a da muhalli da yanayi, yana da masu zuwa duba aiki, da binciken lissafi na shekara-shekara, da ofishin tantancewa mai zaman kansa wanda ke kai rahoto ga majalisar gudanarwar asusun, ba ga shugabansa ba. Wannan ofishi ya auna PASADEM, ya fitar da rahoto a 2019, ya yaba inda aka ci nasara, bai kuma ɓoye jinkirin da aka samu wajen gina kasuwanni ba.

Matsalar tana ga inda lissafin yake dosa. Dukansa sama yake tafiya. Shugaban shiri ya kai wa minista, minista ya kai wa Rum, Rum ta kai wa ƙasashen da suka ba da gudunmawa. Rahoton yana nan a intanet cikin Faransanci da Ingilishi, mai shafi sama da ɗari, kuma ɗalibin jami'a a Turai ya fi sarkin noman Saye Sabuwa sauƙin samunsa. Manomin da aka yi aikin dominsa, wanda kuma zai biya bashin, ana kiransa taro ne ranar da baƙi suka zo, a shimfiɗa tabarmi, a tambaye shi ko ya ji daɗi. Wane talaka ne zai ce bai ji daɗi ba a gaban mai gari da perefe da baƙon da ake fatan ya sake dawowa da wani shirin? Ana kiran wannan shigar da jama'a cikin aiki. Shigar da su cikin lissafi ita ce ba a yi ba tukuna. Ga kuma wani rauni da shekarar 2023 ta fallasa: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Tarayyar Turai ta dakatar da tallafinta, Bankin Duniya ya tsayar da fitar da kuɗi na wasu watanni. Sa idon da ya dogara ga baƙo yakan hau jirgi tare da baƙon.

Abin mamaki shi ne, a cikin wannan yanki ne aka sami amsar da duniya ke zuwa koyo. A farkon shekarun 1980 gonakin Maraɗi sun zama fili fetal, iska na binne shuka, mata na tafiyar sa'o'i neman itace. An kashe maƙudan kuɗi wajen dasa itatuwan da akasarinsu suka mutu. Dabarar da ta yi aiki ba ta ci ko dala ba, wato sassaben zamani: manomi ya bar tohon kututturen da ke gonarsa, ya zaɓi masu ƙarfi ya rage sauran, ya rene su har su zama itace. Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya da ke aiki da mishan a Maraɗi, ya fara yaɗa ta a 1983, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. To amma renon itace jari ne na shekaru, ɓarawo kuwa dare ɗaya ya ishe shi. Muddin gawo ko sabara da mutum ya rena wani zai sare da dare, ko kuma ma'aikacin gandun daji ya ci tarar mai gonar don ya taɓa reshe, babu mai wahalar da kansa.

Mutanen Ɗan Saga, a arewacin Agye, suka warware wannan da kwamitin tsaro na gari. Taron gari ne ya zaɓi mambobinsa, aka saka mata, aka saka makiyaya, domin wanda aka bari a waje shi ne zai fara karya doka. An yanka ƙa'idoji a bainar jama'a, kowa ya ji da kunnensa. Ana zagaya gonaki, wanda aka kama ya biya tara, kuma kowa ya san inda tarar take shiga. Dokar daji ta 2004 da dokar 2020 mai tsara sassaben zamani sun zo ne daga baya, suka tabbatar wa manomi amfanin abin da ya rena. A nan, sabanin yadda aka saba, ƙauye ne ya yi gaba, Yamai ta biyo sawu. Abin da ya sa kwamitin ya yi tasiri a bayyane yake. Masu tsaron su ne masu asara idan an yi ɓarna, suna kwana a garin, sun san sawun kowa, kuma taron da ya naɗa su yana iya sauke su.

Haka labarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, yau kuma ake kwaikwayonsa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Mata ne da yawancinsu ba su taɓa shiga lakwal ba, suna zuba ɗan abin da ya sawwaƙa kowane mako, suna ba junansu rance. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku dabam-dabam, akwatin kuma na ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi, kowace ta riƙe adadin a ka har mako mai zuwa. Manyan asusun bashi masu ofis da kwamfuta da motoci sun faɗi a ƙasar nan sun tafi da ajiyar mutane, akwatin matan ƙauye yana nan. Da BDRN ta yi kwaɗo uku, da wataƙila tarihin ma'aikatan Nijar ya sha bamban.

Yanzu sai a juyo ga masu karatun wannan shafi, domin a Agye da Gazawa da Gidan Rumji babban mai zuba jari ba kullum daga Rum yake zuwa ba. Sau da yawa daga Maraɗi yake fitowa ranar Asabar, cikin motarsa. Tun da aya da riɗi da wake suka zama kayan kuɗi, ƴan kasuwa da manyan ma'aikata suka shiga sayen gonaki da karɓar jingina, a yankin da yake cikin mafi cunkoson karkarar Nijar, inda gandun gida ya riga ya tsattsage saboda rabon gado. Ba laifi ba ne mutum ya sayi gona da halalinsa, kuma jarin ɗan ƙasa ya fi na baƙo albarka idan an bi hanya. Amma kowa ya san lokacin da ake cinikin. Ana yinsa ne a tsakiyar damina sa'ad da rumbu ya ƙare, ko ranar da yaro ke kwance a likita, lokacin da mai gona ba ya iya cewa a'a. Wadda ta fara asara ita ce matar gida, domin gamanarta ce ake fara karɓewa idan ƙasa ta yi ƙaranci. Masu bincike irin su Marthe Diarra da Marie Monimart sun yi rubutu tun shekarun 2000 a kan yadda ake fitar da matan kudancin Maraɗi daga noma. Na biyu shi ne makiyayi, wanda yakan dawo daga arewa ya tarar an shuka burtali.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda daga baya aka shimfiɗa su hawa-hawa: na gunduma a ƙarƙashin perefe, na ƙaramar hukuma a ƙarƙashin magajin gari, na ƙauye a ƙarƙashin mai gari. Su ke ba da takardar shaidar saye da ta jingina da ta aro, su ke shata burtali da makiyaya. Dokar kiwo ta 2010 ta ƙara ƙarfafa haƙƙin makiyaya. A takarda, tsarin Nijar na cikin waɗanda maƙwabta ke sha'awa. A ƙasa kuwa, hukumomin da yawa ba su da kuɗin mai na babur sai wani shiri ya ba su, idan shirin ya ƙare rajista ta koma cin ƙura. Akwai kuma tambayar da ake jin nauyin yi. Mai garin da ya shaida ciniki, wanda a al'ada ba ya tashi hannu wofi, shi ne shugaban hukumar da za ta tabbatar da cinikin, shi ne kuma mai sulhu na farko idan rigima ta tashi. Akwai masu gari na kirki da yawa, amma tsarin da ya dogara ga kirkin mutum ɗaya ya ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Wanda ke ganin wannan ƙaramar magana ce ya tuna da Toda, a ƙasar Gidan Rumji, inda a watan Oktoban 1991, ana tsakiyar Taron Ƙasa, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Rigimar ƙasa da ba ta sami alƙali da wuri ba, a nan take ƙarewa.

Batun kasuwanni ma haka yake. Kasuwannin hatsi da aka gina da kuɗin waɗannan shirye-shirye mallakar ƙananan hukumomi ne, an damƙa gudanar da su ga ƙungiyoyin masu sana'a, bayan an zauna a dandalin da aka raɗa wa suna Haɗin Gwiwa, inda manoma da dillalai da ƴan kasuwa da masu motoci da ƴan dako suke tattaunawa. Tunani ne mai kyau. Amma kowane buhun da ya shiga ya fita ana karɓar wani abu a kansa, kuma ɗan kasuwar da ke biya yana da haƙƙin sanin nawa aka tara a wata, nawa ya shiga asusun ƙaramar hukuma, nawa aka ajiye domin gyaran rufi da sikeli da hanyar da manyan motoci ke fasawa. Gini na miliyoyi da ba a ware masa kuɗin gyara ba, kango ne mai jiran lokacinsa, bashinsa kuma ba ya rushewa tare da shi.

Wa zai yi wannan tambaya a hukumance? Daga zaɓen 2004 akwai kansiloli waɗanda, duk da rauninsu da rigingimunsu na jam'iyya, doka ta ba su ikon amincewa da kasafi da tuhumar magajin gari, har da tsige shi. A watan Afrilun 2024 an rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa kantomomin riƙo. Tsarin mulkin 2010, wanda ya kafa majalisar dokoki da kotun binciken kuɗin ƙasa, an dakatar da shi a 2023, an kuma rusa jam'iyyun siyasa a watan Maris na 2025. Mahukunta sun ce tsohon tsari ya ruɓe, kuma babu mai gaskiyar da zai rantse cewa ƴan siyasa sun riƙe amana yadda ya kamata. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai kantoman da aka naɗa daga sama, komai nagartarsa, sama yake kallo, domin daga can aka kawo shi, daga can kuma za a ɗauke shi. Hukumar COLDEFF da aka kafa a 2023 an ɗora mata ƙwato dukiyar da aka riga aka sace, aiki ne mai muhimmanci, amma bin sawun ɓarawo dabam yake da tsaron ƙofa. Gwamnatin da ta ɗauki ƴancin ƙasa a matsayin tutarta ita ce ta fi kowa bukatar masu sa ido na cikin gida, tun da ta ce ba ta son na waje su yi mata hukunci.

Gyaran bai bukatar sabon bashi. Tun watan Fabrairun 2011 aka yi dokar da ta ba ɗan ƙasa damar ganin takardun hukuma, kundin sake gina ƙasa na 2025 kuma ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. To, a fara da lissafi. Kowane shiri da ke aiki a gundumomin nan uku, na FIDA ne ko na wani, ya fito da taƙaitaccen bayani da Hausa da Fulatanci sau ɗaya a shekara: nawa aka karɓa, nawa ne kyauta nawa ne bashi, wa aka ba kwangila, a kan nawa, me aka gama me ya rage. A manna shi a ƙofar ofishin ƙaramar hukuma, a karanta shi a gidajen rediyon karkara, a kuma karanta shi ranar kasuwa a gaban waɗanda aka yi aikin a garinsu, ba tare da baƙo a zaune ba. Masu gudanar da kasuwanni su rubuta kuɗin shiga na kowane wata a allo, kusa da allon farashin hatsi. Duk cinikin gonar da ya wuce wani adadin hekta da za a yanka, a yi shelarsa a gari kafin a sa hannu, a bar wa'adi domin mai ƙorafi ya fito, mace ce ko makiyayi ko ɗan'uwan da ke ci-rani a Kano ko Agadas. Mai garin da ya shaida ciniki kuma ya janye daga zaman da za a tabbatar da shi.

Sa'an nan a ba masu dubawa haƙora. Kwamitin da shugaban shiri ya zaɓa, yake biyan kuɗin zamansa, yake kai shi a motarsa, ba zai taɓa ganin laifi ba, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A bar ƙungiyoyin manoma da na makiyaya da na mata da majalisar manoma ta jiha su zaɓi nasu wakilai, a ware kuɗin aikinsu tun cikin yarjejeniyar bashin yadda babu mai iya toshe shi, a kuma rubuta cewa ba za a biya ɗan kwangila kason ƙarshe ba sai da sa hannunsu. Ɗan kwangilar da ya gudu ya bar rijiya ko hanya a Gazawa, a buga sunansa, kada a wayi gari a same shi da sabuwar kwangila a Gidan Sori.

Ma'aikata su ma suna da nasu akwatin da ya kamata su tambayi makullinsa. Abin da ake yanka daga albashi kowane wata domin tsufa, a CNSS ga ma'aikatan kamfanoni, da asusun fansho ga ma'aikatan gwamnati, amana ce a hannun wasu. Ƙungiyoyin ƙwadago suna da kujeru a majalisar gudanarwar CNSS. Waɗanda suka yi jerin gwano a shekarun 1990 saboda albashin watanni da aka riƙe musu, sun isa su nemi wakilan nasu su zo Maraɗi su yi bayanin inda aka saka ajiyar, da ribar da ta kawo, da wanda ya ci bashi daga cikinta.

Majalisar ƴan kasuwa ta Maraɗi kuwa tana iya rubuta nata ƙa'idojin ba tare da jiran Yamai ko Rum ba: sharuɗɗan sayen gona, da na ba manomi bashi kafin kaka, da na awo da tiya ɗaya ga mai saye da mai sayarwa. Amma idan za ta rubuta, ta fara da sashen da Ingila ta yi shekara 10 kafin ta gane, wato wanda zai duba, da ranar dubawa, da hukuncin Alhajin da ya karya, ko da kuwa shi ne ya fi kowa ba da gudunmawa ranar taro. Lokacin da ya dace a zauna kan wannan shi ne tun kafin damina mai zuwa, domin daga watan Yuli rumbuna ke fara ƙarewa a ƙauyukan Agye, daga nan kuma takardun jingina ke fara yawo.